ZOBEN ALKAWARI: Aƙidar Tsarkin Kai a Amurka da Tasirinta Kan Soyayya da Aure

Gabatarwa



Abin da za mu duba a wannan lacca shi ne wani yunƙuri da ya tashi a cikin majami'un Amurka a farkon shekarun 1990, wanda masu nazarin zamantakewa suka raɗa wa suna aƙidar tsarkin kai. Manufarsa ita ce a sa samari da 'yammata su ɗauki alkawari a bainar jama'a cewa ba za su san namiji ko mace ba sai a ɗakin aure. Babu wanda zai ji wannan manufa a cikinmu ya ga baƙon abu, gama kamun kai kafin aure umarni ne da ke cikin Musulunci da Kiristanci da Yahudanci tun da daɗewa. Baƙon abu shi ne hanyar da aka bi wajen koyar da shi, da irin ladan da aka yi wa matasa alkawari, da kuma yawan binciken da aka yi daga baya a kan waɗanda suka ɗauki alkawarin. Da wuya a sami wata koyarwar tarbiyya da aka bi sawunta da ƙididdiga kamar wannan, shi ya sa ta cancanci a zauna a yi nazarinta.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: yaron da aka rene shi da wannan koyarwa, da wane ido yake duban soyayya mai ɗorewa da zaman aure idan ya girma? Amsar da zan yi ƙoƙarin kafawa ita ce, aƙidar ta tattara dukkan ma'anar amana ta ɗora a kan abin da ya faru kafin ɗaurin aure, har ta bar mabiyanta ba su da isasshen guzuri na abin da ke zuwa bayansa.

Asalin Aƙidar

Yunƙurin yana da magabata. A shekarar 1883, a Ingila, wata mata mai suna Ellice Hopkins ta kafa ƙungiyar White Cross Army, inda maza ke ɗaukar alkawarin kame kansu da girmama mata. Yana da kyau mu lura cewa a wancan zamani maza aka fi nufa da kiran, domin ana ganin su ne tushen ɓarnar. Za mu ga yadda nauyin ya juya ya koma kan mata bayan shekara ɗari.

Abubuwa da dama suka haɗu suka haifi yunƙurin na Amurka. A 1960 aka amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki. A 1973 Kotun Ƙoli ta halatta zubar da ciki, hukuncin da ya tsaya har zuwa 2022 lokacin da kotun ta soke shi. A 1981 aka fara gane cutar ƙanjamau. A 1991 haihuwa tsakanin 'yammata masu shekara 15 zuwa 19 ta kai kusan 62 cikin kowace 1,000. Bugu da ƙari, shekarun aure suna ta ja da baya: a 1960 matsakaicin shekarun mace a aurenta na fari 20 ne, na namiji kuwa kusan 23, kafin 1990 sun kai kusan 24 da 26. Watau tazarar da ke tsakanin balaga da aure tana ta faɗi, iyaye kuma suna cikin fargaba.

A cikin wannan hali ne, a 1993, wasu ma'aikatan Cocin Baftis ta Kudancin Amurka, Richard Ross da Jimmy Hester, suka ƙaddamar da shirin True Love Waits, ma'ana so na gaskiya yana jira. An fara da matasan wata majami'a a kusa da birnin Nashville na Jihar Tennessee. Yaro ko yarinya zai sa hannu a kan kati, ya yi wa Allah da kansa da iyalinsa da wanda zai aura nan gaba alkawari. A watan Yuli na 1994 aka kafa katuna fiye da 200,000 a babban filin da ke tsakiyar birnin Washinton. A 1995 Denny Pattyn ya kafa Silver Ring Thing a Jihar Arizona, inda ake tara matasa da kiɗa da fitilu, a ƙarshe su sanya zoben azurfa wanda ba za a cire ba sai an musanya shi da zoben aure. A 1998, a birnin Colorado Springs, Randy Wilson da matarsa Lisa suka fara wata liyafa wadda uba ke zuwa da 'yarsa cikin kwalliya, ya ɗauki alkawarin tsare mutuncinta har ranar da zai miƙa ta ga miji.

Gwamnati ma ta sa hannu. Tun 1981, zamanin Shugaba Reagan, aka yi dokar da ta fara ba da kuɗi don koyar da kamun kai. A 1996 Shugaba Clinton ya sa hannu a kan dokar gyaran tsarin taimakon marasa galihu, a cikinta kuma aka ware dala miliyan 50 kowace shekara don darussan da ba su koyar da komai sai ƙaurace wa jima'i har aure. Da haka koyarwar da ta fito daga majami'a ta shiga makarantun gwamnati.

Abin da Aka Koyar

In muka tace wa'azozi da littattafan wannan yunƙuri, za mu tarar da ginshiƙai huɗu.

Na farko, an ɗauki tsarki tamkar wata kadara ce da ake haihuwar mutum da ita, wadda in ta salwanta ba ta dawowa. Malaman matasa sukan nuna wannan da misalai a aikace. A ba yara fure su yi ta miƙa wa juna har ya yamutse, sa'an nan a tambaya wa ke sonsa yanzu. Ko a manna salatif a hannun wannan a ɓamɓare, a manna a na wancan, har ya daina kamawa. Ko a kawo misalin cingam da aka riga aka tauna.

Na biyu, an faɗaɗa tsarkin ya wuce jiki ya shiga zuciya. Wanda ya fi yaɗa wannan shi ne Joshua Harris, wanda ya rubuta littafinsa I Kissed Dating Goodbye yana ɗan shekara 21, aka buga shi a 1997, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. A al'adar Amurkawa, saurayi da budurwa sukan yi ta fita tare su fahimci juna ba tare da an yi maganar aure ba, in ba su daidaita ba kowa ya kama gabansa. Harris ya ce wannan horon saki ne tun kafin aure, domin duk wanda ka so ka rabu da shi ya tafi da wani yanki na zuciyarka. Littafin ya buɗe da mafarkin wata amarya wadda ta ga 'yammatan da angonta ya taɓa so sun jeru a gefensa a wurin ɗaurin aure. Shawararsa ita ce kada saurayi ya kusanci yarinya sai da niyyar aure da sanin iyayenta. Wasu mabiyan har suka ɗauki alkawarin ba za su sumbaci juna ba sai ranar biki.

Na uku, an raba aiki tsakanin jinsi biyu. An nuna namiji a matsayin wanda idonsa ke jan sa, ba ya iya mallakar kansa sai da ƙyar. Mace kuma ita ce mai gadin ƙofa, wadda tufafinta da tafiyarta za su iya sa ɗan'uwanta ya yi tuntuɓe. Nauyin da Ellice Hopkins ta ɗora wa maza ya sauka ke nan a kan 'yammata.

Na huɗu, wanda a ganina shi ne ya fi kowanne tasiri, an mai da kamun kai ciniki. Malama Christine Gardner, a littafinta na 2011 mai suna Making Chastity Sexy, ta nuna yadda masu wa'azin suka bar tsohuwar hujja ta cewa ka kame don Allah ya umarta, suka koma cewa ka kame don ka sami aure mai daɗi da gamsuwar da babu irinta a shimfiɗa. Aka ari harshen 'yan talla aka sayar da haƙuri da shi.

Yadda Koyarwar Ta Siffanta Duban Soyayya da Aure

Yanzu sai mu bi waɗannan ginshiƙai mu ga inda kowanne ya kai mai riƙe da shi.

Mu fara da neman aure. Idan an gaya wa yaro cewa kowace soyayya da ba ta kai ga aure ba asara ce da ba a mayarwa, to, an ɗora wa gaisuwar farko nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Saurayi ba zai ce wa yarinya su zauna su yi hira ba sai ya tabbata ita ce matarsa, alhali kuwa ba shi da hanyar tabbatarwa sai ta hirar. Daga nan abu biyu kan faru. Wasu sukan daskare, su kai shekara talatin ba su taɓa neman kowa ba don tsoron kuskure. Wasu kuma in sun fara, sai su kasa janyewa ko da sun ga alamun rashin dacewa, domin rabuwa a wurinsu ta zama tabo. Wanda kuwa ya yi nisa da wata har suka keta iyaka, yakan ga ba shi da mafita sai ya aure ta don a rufe ɓarakar, ko da halinsu bai zo ɗaya ba. Ta haka koyarwar da aka shirya don kare aure takan tura mutane cikin auren da da sun natsu ba za su yi ba.

Sai batun darajar kai. Wanda ya yarda cewa shi fure ne da ya yamutse, zai shiga neman aure da jin cewa duk wanda ya karɓe shi alfarma ya yi masa. Mai irin wannan tunani ba ya iya cewa a'a, ba ya kuma iya neman haƙƙinsa. Babu wanda ya bayyana wannan kamar Elizabeth Smart, wadda aka sace daga gidan iyayenta a birnin Salt Lake City a 2002 tana da shekara 14, aka tsare ta wata tara ana yi mata fyaɗe. A wani jawabi da ta yi a Jami'ar Johns Hopkins a 2013, ta ce ta tuna darasin cingam da wata malama ta taɓa yi musu, ta ji ita ce wannan cingam ɗin, har ta ga babu amfanin a cece ta. Ita 'yar ɗariƙar Mormon ce, abin da ke nuna cewa misalan sun bazu sun wuce majami'un da suka fara su.

A nan ya kamata a lura da wani abu na tarihi. Bayan da aka ci birnin Rum da yaƙi a shekara ta 410, aka yi wa mata da yawa fyaɗe, babban malamin Kirista Augustine, wanda ya zauna a garin Hippo cikin ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya tattauna matsalar a farkon littafinsa Birnin Allah. Hukuncinsa shi ne tsarki halin zuciya ne, wanda aka tilasta wa bai rasa shi ba. Ke nan misalin cingam ya saɓa wa tsohuwar koyarwar addinin da ake wa'azinsa, ya kuma saɓa wa aƙidar tuba da gafara. Shugabannin yunƙurin sun ga wannan giɓi, suka fito da abin da suka kira budurci na biyu ga wanda ya tuba. Amma sunan kansa ya nuna akwai na ɗaya wanda ya fi shi, yara kuwa sun fi riƙe abin da suka gani da ido a kan abin da aka faɗa musu daga baya.

Na uku shi ne abin da ke faruwa a cikin ɗakin auren. An shekara goma ana gaya wa yarinya cewa sha'awa haɗari ce, jikinta kuma tarko ne, sa'an nan a dare ɗaya a ce mata duk abin da aka hana ya zama wajibi. Zuciya ba fitila ba ce da za a kashe a kunna. Linda Kay Klein, wadda ta tashi cikin wannan koyarwa, ta shafe shekaru tana hira da mata irinta, ta buga littafinta Pure a 2018. Abin da ya fi yawa a bakinsu shi ne kunya da fargaba da suka bi su har cikin aure. A 2021 Sheila Wray Gregoire da abokan aikinta biyu, waɗanda su kansu Kiristoci ne masu riƙo da addini, suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mata kimanin 20,000. Sun tarar matan da suka yarda cewa dole ne mace ta amsa kiran miji ko tana so ko ba ta so, don kada ya faɗa zunubi, sun fi fama da ciwo wajen saduwa, sun kuma fi rashin jin daɗin aurensu. Matan da suka amsa tambayoyin su suka kawo kansu, saboda haka ba za a ce suna wakiltar dukkan matan majami'u ba. Duk da haka yawansu ya isa a saurara.

Namiji ma bai tsira ba. Wanda aka koya wa cewa shi ba ya iya mallakar kansa, kuma aure ne maganin cutarsa, zai dubi matarsa a matsayin magani kafin ya dube ta a matsayin abokiyar zama. In ya kauce hanya, an riga an tanadar masa uzuri, an kuma tanadi wadda za a zarga. In kuwa shi mai tsoron Allah ne ƙwarai, sai ya riƙa ganin kowace mace a wurin aiki ko makaranta a matsayin jarrabawa, ya kasa yin hulɗar mutunci da rabin al'umma.

Na huɗu shi ne sakamakon cinikin. Wanda ya kame don an ce za a biya shi da aure mai daɗi, ya zama mai bin bashi. Idan auren ya zo da abin da kowane aure ke zuwa da shi, watau rashin kuɗi da rashin lafiya da gajiya da saɓani, sai ya ga an cuce shi. Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Wannan ita ce gaskiyar da ba a rubuta a kan katin alkawari ba. Wanda kuma ya jira auren bai zo ba sam, ga shi matsakaicin shekarun auren fari a Amurka ya kai 28 ga mata da 30 ga maza a 2020, yakan tambayi kansa ko shi ne ya yi laifi ko kuwa alkawarin ne na ƙarya. Da yawa sun bar majami'a a kan wannan tambaya. Joshua Harris da kansa ya saurari koke-koken masu karatunsa, a 2018 ya nemi a daina buga littafin, ya kuma ba da haƙuri. A watan Yuli na 2019 ya sanar da rabuwarsa da matarsa, bayan 'yan kwanaki kuma ya ce shi ba Kirista ba ne kuma.

Abin da Ƙididdiga Ta Nuna

Labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja a kan miliyoyi, saboda haka sai mu koma ga bincike. An yi sa'a a tsakiyar shekarun 1990 an fara wani babban nazari na ƙasa baki ɗaya a kan lafiyar matasan Amurka, aka bi yaran har suka girma, an kuwa tambaye su ko sun ɗauki alkawarin.

A 2001 Peter Bearman da Hannah Brückner suka buga abin da suka gano daga wannan nazari. Matasa fiye da miliyan 2 ne suka ɗauki alkawarin. Ya jinkirta fara jima'i da kimanin wata 18 a tsakanin wasu rukunoni, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga yaro ɗan shekara 15. Amma akwai sharaɗi mai ban mamaki: alkawarin yana aiki ne inda masu shi suke 'yan tsiraru a makaranta. In suka wuce kimanin kashi 30 cikin 100, sai tasirin ya ɓace. Ma'anar wannan ita ce ƙarfin zoben yana fitowa ne daga jin cewa mu daban muke da saura. In kowa ya sanya, ya zama ado kawai. Sun kuma tarar waɗanda suka karya alkawarin sun fi sauran rashin yin amfani da kariya a karon farko, gama wanda ya rantse ba zai yi tafiya ba, ba ya tanadin guzuri. A 2005 suka sake dubawa, suka ga mafi yawan masu alkawarin ba su kai shi ga aure ba, yawan cututtukan da ake ɗauka ta saduwa a tsakaninsu bai bambanta da na saura ba, sun kuma fi saura yin aure da wuri.

A 2009 Janet Rosenbaum ta gwada masu alkawari da takwarorinsu waɗanda suka yi daidai da su a riƙon addini da tarbiyyar gida amma ba su sa hannu a kati ba. Bayan shekara biyar babu bambanci a halayyarsu ta jima'i, kashi 82 cikin 100 na masu alkawarin ma sun musanta cewa sun taɓa ɗaukarsa. Darasin a nan shi ne abin da ke riƙe yaro shi ne imaninsa da gidansu. Katin bai ƙara kome a kai ba. Haka nan binciken da Majalisar Dokokin Amurka ta sa aka yi, wanda ya fito a 2007 bayan an bi yara fiye da 2,000 a shirye-shirye huɗu da gwamnati ta biya, bai sami bambanci tsakanin waɗanda aka koyar da waɗanda ba a koyar ba.

To, ina batun ɗorewar aure? A nan adalci ya wajaba, domin hujjojin sun kasu biyu. Nazarce-nazarce da dama, har da na Nicholas Wolfinger na Jami'ar Utah, sun nuna matan da suka yi aure da budurcinsu su ne suka fi ƙarancin mutuwar aure. Jay Teachman kuma a 2003 ya tarar macen da ba ta san kowa ba sai wanda ta aura daga baya, haɗarin mutuwar aurenta bai ƙaru ba. Masu zuwa majami'a a kai a kai ma aurensu ya fi ɗorewa. A ɗaya gefen, Jennifer Glass da Philip Levchak sun nuna a 2014 cewa gundumomin Amurka da suka fi yawan Furotesta masu ra'ayin riƙau sun fi yawan saki, babban dalili kuwa shi ne auren wuri da haihuwar wuri, waɗanda ke katse karatu su rage abin hannu. Waɗannan sakamako biyu ba su karo da juna. Wanda ya kame saboda abin da ya yi imani da shi, ya kuma sami jama'a da ke tallafa masa, yakan ci riba. Wanda kuwa aka tura shi aure yana ɗan shekara 19 don gudun kada ya karya alkawari, ya shiga da ƙuruciya da talauci, su ne kuwa manyan masu kashe aure a ko'ina.

Yadda Abin Ya Iso Afirka

Kada a ɗauka wannan labarin nesa ne kawai. A 2003 Shugaba George W. Bush ya ƙaddamar da shirin PEPFAR na yaƙi da ƙanjamau, da dala biliyan 15 a shekara biyar na farko, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashe 15 da aka fi mai da hankali a kansu. Shirin ya ceci rayukan miliyoyin mutane ta hanyar raba magani. Amma dokar da ta kafa shi ta ce a kashe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin rigakafi a kan koyar da ƙauracewa har aure, sharaɗin da aka sassauta a 2008. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford suka lissafa cewa an kashe dala biliyan 1.4 a kan wannan fanni tsakanin 2004 da 2013, suka gwada ƙasashen da suka sami kuɗin da waɗanda ba su samu ba, ba su ga wani canji a halayyar mutane da za a danganta da shi ba. Ma'aikatan da ke cikin wannan zaure, waɗanda wata rana za a kawo musu shiri daga waje a ce su sa hannu, ya kamata su riƙe wannan: a tambayi abin da shirin ya haifar a ƙasar da ya fito tukuna.

Kammalawa

Jama'a, mun ga yadda tsoro na gaskiya da niyya ta gari suka haifi wannan yunƙuri, mun kuma ga inda hanyar ta karkace. Binciken da muka duba bai rushe darajar kamun kai ba. Abin da ya rushe shi ne zaton cewa za a iya gina shi da taron dare ɗaya, da tsoratarwa, da alkawarin lada a duniya. Aƙidar ta koya wa matasa su auna abokin zama da tarihinsa, alhali aure yana tsayawa ne a kan halin da mutum zai nuna gobe da jibi: gaskiya, da tausayi, da iya sauraro, da iya neman gafara da bayar da ita. Waɗannan kuwa sai an koye su, ba sa zuwa tare da zobe.

Saboda haka duk mai tarbiyyar matasa, uba ne ko malami ko jami'in gwamnati, yana da tambayoyin da zai yi wa kansa kafin ya buɗe baki. Shin abin da zan faɗa ya bar ƙofar komowa ga wanda ya yi kuskure? Shin yarinyar da aka zalunta, in tana cikin masu saurare, za ta fita da ƙarfin zuciya ko da raunin da ya fi na da? Shin na ɗora wa namiji nauyin kansa, ko na ɗora wa mace nauyin mutum biyu? Shin na faɗi wani abu game da shekaru arba'in da ke bayan daren farko? Amurkawa sun biya kuɗi mai yawa, 'ya'yansu kuma sun biya fiye da kuɗi, kafin a gane muhimmancin waɗannan tambayoyi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.